Manhajar gyaran hotona ta tsufa amma tana aiki: in sabunta ko in bar ta?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina gyaran hoto da Lightroom 6 da Photoshop CS6, na saye su tun da jimawa, kuma har yanzu suna buɗewa lafiya a kwamfutata mai Windows 10 wadda ta shekara bakwai. Hotunan mutane da na taruka nake ɗauka, ana biyana. Abokan sana'a sun dame ni cewa an bar ni a baya, ga shi kuma ina shirin sauya kyamara. In sabunta manhajar ne, ko in ci gaba da abin da na saba?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na daɗe ina wannan sana'a, kuma tambayar nan na sha jin ta, ni ma na sha yi wa kaina ita. A yanayinka dai ina ganin lokacin sabuntawa ya zo. Sai dai ba don dalilin da abokanka suke kawowa ba, kuma ba manhajar ce abin da za ka fara taɓawa ba.

Maganar an bar ka a baya, ajiye ta gefe. Wanda ya ba ka aiki hoto yake kallo: fuskarsa ta fito ko ba ta fito ba, launin fatarsa nasa ne ko an mayar da shi wani mutum dabam, an kawo aiki ranar da aka yi alkawari ko an saɓa. Ban taɓa ganin wanda ya karɓi hotonsa ya tambayi lambar sigar manhajar da aka gyara shi da ita ba. Dalili ɗaya na yarda da shi na sabuntawa, shi ne ka iya kiran sunan abin da tsohuwar take hana ka yi, ko abin da take cinye maka lokaci a kansa. In ka iya nuna shi da yatsa ka ce ga shi nan, to akwai magana. In kuwa ka yi ta lalube ba ka samu komai ba sai dai ranka yana biya maka sabon abu, bar kuɗinka a aljihu.

Hanyar gano wannan mai sauƙi ce. Ka ajiye takarda da biro kusa da kwamfuta tsawon aiki ɗaya ko biyu. Duk inda ka tsaya kana jira, duk inda ka yi tsaki, duk hoton da ka jefar don ba zai gyaru ba, ka rubuta. Abin da ya taru a takardar nan shi za ka ɗauka ka je ka auna sabuwar manhaja da shi. Bidiyon talla ba zai yi maka wannan aikin ba, domin hotunan da ke cikinsa zaɓaɓɓu ne, an tsince su ne don manhajar ta haskaka.

Bari in fara da abin da bai canza ba, tunda shi ne masu talla ba sa faɗa. Madannan da kake ja kullum, na ƙara haske, na dawo da wuraren da suka ƙone, na buɗe inuwa, na daidaita fari da baƙi, tsarinsu ya zo ne da Lightroom 4 a 2012, kuma su ne dai har yau a sabuwar sigar. An ƙara wasu a gefe, kamar madannin kore hazo da na laushi ko kaushin fata wanda ya zo a 2019, amma ginshiƙin yana nan. Hoton da ka ɗauka cikin haske mai kyau, ka auna hasken daidai, in ka gyara shi a tsohuwa da sabuwa ka ajiye su kusa da juna, da wuya wani ya ce ga wannan ga wancan. Haka ma Photoshop: leyoyi, gyaran launi, goge tabo, cike gurbi da abin da ke kewaye da shi wanda ya zo tun CS5 a 2010, duk suna cikin CS6 ɗinka. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma mai ɗaukar hoto don nishaɗi da ba ya shirin sauya kyamara, sau da yawa nakan ce masa ya zauna inda yake.

Abubuwa biyu ne suka canza da gaske, kuma duka biyun sun faɗo a kan irin aikinka.

Na farko shi ne keɓe wani sashe na hoto don a gyara shi shi kaɗai. Ka san yadda kake yi yanzu: ka ɗauki burushi, ka bi fuska a hankali, ka kauce wa gashi, ka goge inda ka zarce, sannan ka koma hoto na gaba ka sake daga farko. Daga Oktoban 2021 Lightroom ta fara gane mutum da sararin sama da kanta, a Oktoban 2022 kuma ta kai ga rarrabe mutanen da ke cikin hoto ɗaya bayan ɗaya, ta ware fatar fuska, fatar jiki, ido, leɓe, haƙora da gashi. Abin da ya fi muhimmanci ma, in ka yi gyaran a hoto ɗaya ka kwafa shi zuwa ɗari, takan sake neman fuskar a kowane hoto inda take, ba ta liƙa gyaran a wuri ɗaya ba. Yi lissafi da kanka. A ce aikin taro ya ba ka hoto 300 da za ka miƙa, kuma wannan ya rage maka daƙiƙa 40 a kowanne. Minti 200 ke nan, awa 3 da minti 20 a aiki guda. Ga wanda yake yin aiki huɗu a wata, wannan ya fi kwanan aiki guda cur. Ga wanda yake gyara hoto goma a mako, ba wani abu ba ne. Manhaja ɗaya, amma amsa biyu, kuma yawan aikin ne ya raba su.

Na biyu shi ne kawar da ɗige-ɗigen nan da ke fitowa kamar an watsa yashi a hoton da aka ɗauka cikin duhu. A nan ne na fi ganin bambanci da idona, don haka bari in ɗan tsaya. In haske ya yi kaɗan, ka ɗaga ISO (saitin da ke ƙara wa hoto haske a kyamara), abin da kyamara ta kama ɗan kaɗan ne, sai a ƙara masa ƙarfi, dattin da ke tare da shi ma ya ƙaru. Tsohuwar dabara ita ce a shafe hoton a hankali har yashin ya ɓace, amma tare da shi gashin ido da saƙar tufafi suke tafiya, fuska ta koma kamar an shafa mata kakin zuma. Sabuwar dabara ta ƙirƙirarriyar basira ce: an horar da ita da ɗimbin hotuna, mai datti da mai tsabta na abu ɗaya, har ta koyi bambanta yashi da ainihin abin da ke cikin hoto, kuma tana aikinta ne a kan ɗanyen fayil, wato bayanan da kyamara ta kama ba a sarrafa su ba, tun kafin a haɗa launukansa. Kamfanin DxO ya fito da tasa mai suna DeepPRIME a 2020, Adobe, mai yin Lightroom da Photoshop, ta kawo tata, Denoise, a Afrilun 2023. Hotunan zauren taro da a da nake jefarwa, yanzu da yawansu suna shiga cikin waɗanda nake miƙawa. Amma ka san iyakarta. Ba ta gyara hoton da hannu ya girgiza, ba ta dawo da saitin da ya kauce daga ido zuwa kunne, kuma in ka matsa mata a kan ƙananan fuskoki na can nesa, takan ƙirƙiro musu kamannin da ba nasu ba. Duba irin waɗannan fuskokin da kyau kafin ka miƙa aiki.

Akwai na ukun da ya fi kowanne amo, wato a rubuta wa manhaja abin da ake so ta zana a cikin hoto, wanda ya shigo Photoshop a 2023. Ni ban sa shi a ma'auni sosai. Yana da amfani wajen cire wayar lantarki ko faɗaɗa bango, amma yana buƙatar intanet, ana ƙidaya yawan amfanin da ka yi da shi, kuma mai hoton taro amana aka ba shi ta abin da ya faru, ba abin da bai faru ba. In kana taɓa aikin jarida ma, ƙa'ida ta hana: gasar World Press Photo ba ta yarda a ƙara ko a cire wani abu daga hoto ba.

Yanzu ga abin da zai yanke hukunci a kanka ko ka so ko ka ƙi, wato kyamarar da kake shirin saya. Ɗanyen fayil, wanda ake kira RAW, ba iri ɗaya ba ne a duk kyamarori. Kowace sabuwar kyamara tana rubuta nata da ɗan bambanci, ko da harufan ƙarshen sunan fayil ɗin ba su canza ba, kuma sai an koya wa manhaja karanta shi. Sabuntawa ta ƙarshe da Lightroom 6 ta samu ita ce 6.14 a Disambar 2017. CS6 kuwa tun 2015 aka tsayar da sashenta mai karanta ɗanyen fayil, wato Camera Raw, a siga ta 9.1.1. Duk kyamarar da ta fito bayan nan, manhajarka ba ta san ta ba. Canon ma sabon nau'in fayil gaba ɗaya ta kawo, CR3, wanda ya fara da EOS M50 a 2018. Za ka sa kati, ka ga fayilolin, manhaja ta ce ba ta iya buɗe su.

Wasu in sun ci karo da wannan sai su koma ɗaukar JPEG. Kada ka yi haka. JPEG matakin haske 256 yake riƙewa a kowane launi, ɗanyen fayil mai bit 14 kuwa 16,384. Wannan tazarar ita ce take ba ka damar ceto farar riga da ta ƙone ko fuskar da inuwa ta rufe. Ka sayi sabuwar kyamara ka zubar da wannan, an yi ba a yi ba ke nan.

Akwai mafita ta kyauta da mutane da yawa ba su sani ba. Tun 2004 Adobe ta fito da nau'in fayil mai suna DNG, da ƙaramar manhaja, DNG Converter, wadda har yanzu ake sabunta ta kuma ba a biyan komai. Takan karɓi ɗanyen fayil na sabuwar kyamara ta juya shi zuwa DNG, tsohuwar Lightroom ta buɗe. Yana aiki, na ga masu rayuwa a kansa shekaru. Wahalarsa ita ce ya ƙara maka mataki a kowane aiki, wurin ajiya ya kusa ninkawa in kana riƙe na asali (kuma ya kamata ka riƙe), ba lalle ne bayanan gyaran sabbin gilasan kyamara su zo maka ba, sannan ita kanta manhajar juyawar tana neman kwamfutar da ba ta tsufa sosai ba. Ga mai hoto ɗari a wata, hanya ce mai kyau. Ga mai dubbai, za ta gajiyar da shi. Kusa da wannan akwai DxO PureRAW da ta fito a 2021, wadda take wanke yashin ta miƙo maka DNG ka ci gaba da gyara a inda ka saba. In yashi ne kaɗai abin da ke takardarka, gwada ta tukuna ka ga ko tsohuwarka za ta karɓi abin da ta fitar.

Sai kwamfuta, kuma ita ce na ce za ka fara dubawa. Duk sabbin abubuwan nan da na yaba, a kan katin girafik, wato ɓangaren kwamfuta mai sarrafa hoto, suke gudu. A kwamfuta mai kati mai ƙarfi, wanke hoto ɗaya daƙiƙoƙi ne. A wadda ba ta da shi, yakan kai mintuna, kuma in ka ninka mintunan nan da hoto 300 sai ribar lokacin da muka lissafa ta koma asara. Na ga wanda ya biya kuɗin sabuwar manhaja, ya ɗora ta a tsohuwar kwamfuta, aikinsa ya fi da nauyi, ya yi ta zargin manhajar alhali ba laifinta ba ne. Adobe tana ba da shawarar RAM (ma'ajiyar da kwamfuta ke aiki da ita nan take) gigabait 16 ga Lightroom Classic, wato magajiyar Lightroom 6 ɗinka, kuma in har yanzu faifanka mai juyawa ne, sauya shi da SSD, faifan da ba ya juyawa, zai ba ka saurin da wata sabuwar siga ba za ta ba ka ba. Ka tuna kuma sabuwar kyamara takan zo da manyan fayiloli: daga megafiksel 24 zuwa 45, nauyin ya kusa ninkawa.

Ga kuma maganar Windows 10. Microsoft ta daina tallafa mata a ranar 14 ga Oktoba 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0, kuma in ƙwaƙwalwar kwamfutar ta kamfanin Intel ce, galibi daga zubi na 8 zuwa sama take karɓa. Kwamfuta mai shekara bakwai tana bakin iyaka, tana iya hayewa tana iya maƙalewa, sai ka duba taka. Masu yin manhajar hoto kuma ba sa daɗewa suna bin tsarin da mai shi ya saki. Ashe tambayarka ba ta manhaja kaɗai ba ce, abu uku ne ɗaure da igiya ɗaya: kyamara, manhaja, kwamfuta. Ka ja ɗaya, sauran biyun su biyo. Kasafinka ya haɗa duka ukun tun kafin ka sayi ko ɗaya.

Zan ƙara da wani abu da ba ka tambaya ba. In allon kwamfutarka bai taɓa ganin na'urar daidaita launi ba, wannan ya fi kowace sabuwar siga tasiri a kan hotunanka. Mai gyara launin fata a allon da ya karkata zuwa shuɗi, ruwan ɗorawa zai yi ta ƙarawa bai sani ba, a kowace manhaja yake.

Kada kuma ka ɗauka zama a kan tsohuwar ba shi da nasa haɗarin. Lasisin da ka saya na dindindin ne a takarda, amma manhajar tana rayuwa ne muddin kwamfutar da ke ɗauke da ita tana raye. Masu Mac sun ga wannan a 2019 lokacin da macOS Catalina ta daina karɓar manhajoji masu bit 32, girka CS6 da Lightroom 6 ya gagara, ita ma Aperture ta Apple, wadda aka sanar da dakatar da ita tun 2014, ta daina buɗewa. Taswirar da ke cikin Lightroom 6 ta mutu a ƙarshen 2018, kuma daga ƙarshen 2023 Adobe ta daina ba da damar sauke ta. Saboda haka ko me ka yanke, yau ɗin nan ka nemo fayil ɗin girkawa da lambar lasisinka ka adana su a wuri biyu. In za ka sauya kwamfuta kuma, ka fara sauke lasisin daga tsohuwar kafin ka rabu da ita.

To, saye ko haya? Tun Mayun 2013 Adobe ta sanar cewa CS6 ce ta ƙarshe da za a saya a mallaka, daga nan sai biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara. Na san wannan yana yi wa mutane da yawa ciwo, kuma ina ganin ciwon yana da hujja: abin da kake cin abinci da shi ya koma hannun wani, ranar da ka kasa biya a rufe maka ƙofa. Amma a yi adalci, mai sana'a da ke sauya kyamara lokaci-lokaci dama can yakan sayi sabuwar siga duk bayan shekara biyu ko uku. Lissafin da ya dace shi ne ka ninka kuɗin wata da 60, ka kwatanta da kuɗin saye ɗaya haɗe da sabuntawa biyu a cikin shekara biyar, sannan ka raba kowanne da yawan ayyukan da kake yi. In abin da ya faɗo a kan kowane aiki ƙanƙani ne kusa da awannin da ka samu, haya ba ta cuce ka ba.

Abin da nake roƙonka shi ne ka karanta sharaɗi kafin ka danna. Akwai tsarin da ake biya wata-wata amma alkawarin na shekara ne, kuma in ka fasa bayan kwana 14 na farko za a caje ka rabin abin da ya rage. A kan yadda ake bayyana wannan sharaɗin ne hukumomin Amurka suka kai Adobe kotu a Yunin 2024. Ka kuma san abin da zai rage maka ranar da ka daina biya. Lightroom Classic takan ci gaba da buɗewa, ka ga kundinka, wato fayil ɗin da take rubuta jerin hotunanka da gyaransu a ciki, ka fitar da hotunan da ka riga ka gyara, amma ɗakin gyaran a kulle yake. Photoshop kuwa rufewa take gaba ɗaya. Shi ya sa duk aikin da na gama nake fitar da shi a TIFF ko JPEG mai cikakken inganci in ajiye. Wannan kowace manhaja za ta buɗe shi, yau ko bayan shekara ashirin.

Kuma ba dole sai Adobe ba. DxO PhotoLab ana sayenta a mallaka. Capture One ta yi suna wajen launi da ɗaukar hoto kai tsaye zuwa kwamfuta a situdiyo. Affinity, wadda Canva ta saya a 2024, an mayar da ita kyauta a ƙarshen Oktoban 2025, kuma tana iya yawancin abin da kake yi da CS6. Akwai darktable da RawTherapee da GIMP, duk kyauta, GIMP ma ta fitar da siga ta 3.0 a Maris 2025. Kamfanonin kyamara su ma suna ba da tasu ba da kuɗi ba, kamar Digital Photo Professional ta Canon da NX Studio ta Nikon, kuma babu wadda ta fi su sanin fayilolin kyamarorinsu. Sai dai ƙaura tana da kuɗin da ba a rubuta shi a rasit. Gyaran da ka yi a Lightroom ba a jikin hoton yake ba, umarni ne da aka rubuta a kundi, kuma wata manhaja ba ta jin wannan yaren sosai. Taurari da kalmomin nema da ka sa wa hotuna za su iya binka ta ƙananan fayilolin bayani na XMP, amma gyaran shekara goma ba zai bi ka yadda yake ba. Ga kuma hannu da ya saba: makonnin farko za ka yi ta neman abin da a da kake yi ido rufe. Ga mai kundi babba irin naka, wannan nauyi ne da yakan karkatar da ma'auni zuwa Lightroom Classic, tunda ita za ta karɓi kundinka da duk gyaransa.

A nan ne kuma nake so ka fi yin hattara. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma a yi dubu ba a fito ba. Ranar da sabuwar siga ta buɗe kundinka, za ta yi masa sabon kwafi a nata tsarin, kuma wannan kwafin tsohuwar ba za ta taɓa iya buɗe shi ba. Tsohon yana nan ba a taɓa shi ba, amma duk aikin da ka yi daga ranar, a sabon yake. In bayan wata shida ka ce ka fasa, wata shidan nan sun maƙale a can. Don haka kafin komai ka kwafe kundin da hotunan zuwa faifai na dabam, ka cire shi daga kwamfuta, ka ajiye. Ba tsoro nake ba ka a banza ba. A Agustan 2020 wata sabuntawa ta Lightroom a iPhone da iPad ta goge wa wasu mutane hotuna da shiryayyun gyare-gyaren da ba su kai ga ajiyar intanet ba, kamfanin ya ba da haƙuri ya ce ba za su dawo ba. Waɗanda suke da kwafi a wani wuri ne kawai suka tsira.

Ni ma na taɓa ƙonewa, kuma laifina ne. Ana gobe zan miƙa wani babban aiki, wata manhaja ta nuna min akwai sabuwar siga, na danna. Ƙaramar manhajar gyaran fata da nake jona mata ta daina aiki nan take, na kwana ina yi da hannu abin da a da minti kaɗan ne. Tun daga ranar ba na sabunta komai in akwai aikin mutane a hannuna, kuma ba na karɓar sabuwar siga a makon da ta fito. Nakan bar ta ta yi wata guda, a gano kurakuranta a gyara. Kai ma ka rubuta duk ƙananan manhajojin da kake jonawa, da firinta, da shiryayyun gyare-gyarenka, ka tabbatar kowanne zai yi tafiyar tare da kai.

Gwaji kuwa ga yadda nake yinsa. Adobe kwana 7 take bayarwa, kuma in ba ka soke ba sai ya zarce zuwa biya, don haka kada ka fara sai makon da kake da sarari, ka kuma sa wa kanka tuni a rana ta shida. Ka zaɓi hotuna 20 daga cikin waɗanda suka fi ba ka wahala: na zauren da ba haske, na wanda rana take bayansa, na taron mutane masu launin fata dabam-dabam a ƙarƙashin fitila iri biyu. Ka gyara su a tsohuwa iya ƙoƙarinka, ka gyara su a sabuwa, a kan kwafin kundi ba na asali ba. Ka lura da wani tarko: tun 2018 launin farko da Lightroom take ɗora wa hoto ya koma Adobe Color, wanda ya fi tsohon Adobe Standard kauri da armashi. Kallon farko zai sa ka ce sabuwar ta fi, alhali kwalliya ce da kai ma za ka iya yi a tsohuwar. Ka daidaita su tukuna. Sannan ka duba sakamakon a girman da kake miƙa wa mutane, a takarda ko a waya, ba a zuƙowar da ba wanda zai taɓa yi ba. Ka nuna wa wani mai ido ba tare da ka gaya masa wanne ne wanne ba. Daga ƙarshe ka ɗauki aiki guda cikakke ka yi shi da agogo a gefe. Gani ya kori ji.

Abu ɗaya da ba zan ba ka shawararsa ba ko kusa shi ne manhajar sata da aka fasa. Bayan haƙƙin masu ita, kwamfutarka cike take da hotunan iyalan mutane da suka amince maka, kuma irin waɗannan fayilolin sananniyar hanya ce ta shigo da ɓarayin bayanai. In kuɗi ne matsalar, ga na kyauta nan na halal na lissafa maka.

Da ni ne kai, ga yadda zan jera abin. Wannan makon in yi kwafin ajiya, in adana fayil ɗin girkawa da lambar lasisi. In duba ko kwamfutar za ta hau Windows 11 da irin katin girafik da ke cikinta. In ba za ta iya ba, kuɗinta ya riga na manhaja, wataƙila ma ya riga na kyamara. Kafin in sayi kyamarar, in nemo ɗanyen fayil na irinta in gwada shi a manhajar da nake tunanin komawa. Sai in yi gwajin kwana bakwai a lokacin da ba aikin kowa a hannuna. In takardar nan ta cika da yashi da awannin burushi, kamar yadda nake zato ga mai hoton taro, in koma Lightroom Classic, in bar CS6 a inda take don ɗan abin da ake buƙata. Tsohuwar Lightroom da tsohon kundin kuma ba zan goge su ba sai na miƙa aiki uku cikakku daga sabuwar ba tare da na waiwaye su ba.